Dokar da Babu Ita a Takarda

Ranar Alhamis, idan kasuwar Batsari ta cika, mu tsaya kusa da masu awon gero mu kasa kunne. Wasu dokokin a rubuce suke: ga rasit na kuɗin rumfa daga ƙaramar hukuma, ga rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020. Waɗannan ba wuya, karantawa ake yi.

To amma wa ya rubuta cewa sai an cika tiya har tana zuba? Ko cewa idan mai kaya ya ce “albarka” tayi bai kai ba, idan kuma ya ce “na sallama” magana ta ƙare? La'adar dillali ma babu ta a takarda, amma hana shi ka gani.

A ce kawunka a Runka, cikin ƙaramar hukumar Safana, ya ba ka littafin lissafin shagonsa lokacin hutu. Ka rubuta buhu tiya 40, da yamma kuɗin tiya 38 suka shigo. Idan ka yi gaggawa, sai ka ɗora wa yaron shago sata, alhali gyara ce ake yi wa tsofaffin abokan ciniki, ga kuma tiya ɗaya da wata gwaggo ta karɓa bashi sai kasuwa ta zagayo.

Masu nazarin harkar kasuwanci, kafin a haɗa wa kamfani manhaja, irin waɗannan dokoki suke tonowa da tambaya. Mu ma wannan makon mu tambayi mai shago: “Baba, wa kake ba bashi, wa kake hanawa?” Sannan mu buɗe wa gyara layinta a littafin.