Kowane Mutum da Takensa

Duk ƙarshen shekarar karatu, daga Tawa har Damagaram, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantunmu kan hau dandali, kuma cuta guda ce ke damun yawancinsu. Sarki ya fito, a saka fiyano. Ɓarawo ya haura katanga, fiyano. Uwa na kukan ɗanta, fiyanon nan dai, wanda aka kwaso daga salula. Wannan lalaci ne, kuma mu malamai ke da alhakinsa.

Da yawanmu kan yaba wa Prokofiev, mawaƙin Rasha, a ajin Faransanci. A 1936 ya tsara tatsuniyar Pierre et le Loup, ya ba tsuntsu sarewa, ya ba agwagwa wata ƴar'uwar algaita, ya ba kyarkeci ƙahoni. Madalla. To, yaushe Bahaushe ya jira wani ya koya masa wannan? Tambari da kakaki na sarauta ne, kalangu na mahauta da ƴan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, shantu na mata. Kafin mutum ya bayyana, takensa ya riga ya faɗi ko shi wane ne.

Wani zai ce ai wannan sana'a ce kawai, hali kuwa abu ne dabam. Sai ya tambayi masu goge. A wasan bori kowane iska da kiɗansa: na Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da almubazzaranci, ba ya kama da na Sarkin Rafi mai tsalle da hauka. Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya gane gwanintar da ke ciki, wato siffanta hali da amo.

Mu ɗauki littattafai biyu da aka buga a 1934. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne mai haƙuri, wanda bauta ba ta ɗaiɗaita zuciyarsa ba. Wanda ya shigo da shi da kalangu bai karanta littafin ba, don shiru ma ya fi dacewa da shi. Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja kuwa ɗan duniya ne mai wayo da cika baki. A busa masa kakakin da bai gada ba, ƴan kallo za su fashe da dariya tun bai ce uffan ba. Saɓa ƙa'ida da gangan fasaha ce, amma sai wanda ya san ƙa'idar.

Ba na ƙin fiyano, ɗan birni mai kwat da tabarau ya cancance shi. Abin da nake ƙi shi ne a yi wa kowa riga guda.

Ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyi, makaɗan nan suna unguwanninku, suna tsufa, da yawansu ba magaji. Ku gayyace su wajen gwaji, ku karanta musu labarin, ku tambaye su taken da ya dace da kowa, sannan ku biya su haƙƙinsu. Ɗalibin da ya bar makaranta bai iya bambanta tambari da gangar noma ba, an tauye masa rabin harshensa.