DUNIYA LABARI: Suna Na Kanti, Aiki Na Maƙera

A wannan wata filin namu zai leƙa Amurka, mu ji tarihin wata bindigar farauta da ta yi suna ƙwarai, mai suna J.C. Higgins.

Abin mamaki shi ne, babu wata masana'anta da ake kira J.C. Higgins. Sunan na kantin Sears, Roebuck ne na birnin Chicago, wanda a da yake aika wa mutanen karkara littafin kayansa, su zaɓa, a kawo musu ta gidan waya. Shi John Higgins ɗin akawu ne, mutumin Ireland, da ya kama aiki a kantin a 1898. A 1908 aka ari sunansa aka buga a kan kayan wasanni. Ba shi da suna na tsakiya, sai aka ƙara masa harafin "C" don sunan ya yi armashi.

To, su wa ke ƙera bindigogin? A wancan lokaci kantin kan yi kwangila da maƙera na gaske, su ƙera, a buga musu sunan Higgins. Bindigar harbin tsuntsu da ake kira Model 20, kamfanin High Standard ne ya yi ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu kuma aikin Savage ne ko Marlin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan! Amma kowa ya amfana: maƙeri ya sami ciniki mai yawa a lokaci ɗaya, manomi kuma ya sami bindiga mai ƙarko cikin rahusa.

Daga 1961 aka fara maye gurbin sunan da na Ted Williams, shahararren ɗan wasan besbol mai sha'awar farauta da kamun kifi. Kamfanin Winchester ya ƙera da yawa daga cikin bindigogin wannan zamani. Bayan kashe Shugaba Kennedy a 1963 da bindigar da aka saya ta gidan waya, sai aka kafa doka a 1968 da ta hana irin wannan ciniki. Daga baya kantin ya bar sayar da bindigogi baki ɗaya.

Yau wanda ya gaji irin wannan bindiga, in ta lalace, sunan Higgins ba zai taimake shi ba. Dole ya duba lambar da ke jikin ƙarfen: 583 na nufin High Standard, 101 kuwa Savage. Da ita ake samun kayan gyara.

Darasin ya shafe mu duka, musamman 'yan kasuwarmu. Batir, fitila, injin nika, da yawa sunan mai shigo da su suke ɗauke da shi, ba na maƙerinsu ba. Kafin ka biya, tambayi wanda ya ƙera, da inda za ka sami kayan gyara ran da mai sunan ya rufe kanti.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.