Motar Soja Ta Gwanjo: Kada Arahar Waya Ta Jawo Gobara

Tsofaffin motocin soja da ake saya a gwanjo suna da ƙarko, shi ya sa masu dakon yashi da kayan gona ke rububinsu. Matsalar takan fara ne ranar da aka ce a ƙara fitilu, rediyo da wurin cajin waya.

Galibinsu na aiki da wuta bolt 24, wato batir biyu masu bolt 12 a haɗe a jere, alhali yawancin kayan kasuwa na bolt 12 ne. Sai mai riwaya ya jawo wuta daga batir ɗaya. Wannan ya riƙa zuƙewa, ɗan uwansa na shan caji fiye da kima, ƙarshe duka biyun su mutu. In kuma babu fiyus, waya ta goge da ƙarfe, sai gobara.

Maganin a bayyane yake: na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12, fiyus kusa da batir, da waya mai kaurin da ya dace. Mai mota, ka tsaya sai an sa su, domin araha ba ta ado. Jami'an VIO kuma su riƙa duba wayoyi, ba takardu kaɗai ba.