Kafin A Yanke Wa Tsohuwar Kwamfuta Hukunci

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. A ƙasashen da ake sauya kwamfuta duk bayan shekara huɗu ko biyar, labarin bai tayar da hankalin mutane da yawa ba. A nan kuwa ya taɓa galibin kwamfutocin da ke kan teburan bizines santa, ofisoshin makarantu da ɗakunan ɗalibai, domin yawancinsu na hannu ne, sun gama aikin ofis a Turai ko Amurka kafin su sauka a Legas, su hau mota zuwa Farm Centre a Kano da sauran kasuwanni. Windows 11 da aka ce a koma kanta tana da sharuɗɗa: furosesan Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 2017, da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Wannan ya fitar da HP EliteBook 840 G3, da Lenovo ThinkPad T430, da Dell Latitude E7440 da ire-irensu daga layi, alhali su ne suka cika shagunanmu. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan mataki. Ra'ayina shi ne mafi yawan irin waɗannan na'urori suna da sauran shekarun aiki a intanet, kuma abin da ya kamata a auna tsufansu da shi abu ɗaya ne: shin za su iya ɗaukar burauzar da har yanzu ake sabunta ta, ko ba za su iya ba.

Idan mutum ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi, yakan zaci wani abu ne ya ƙare a cikinta. Furosesa ba ya gajiya da shekaru. Lissafin da yake yi a daƙiƙa ɗaya a 2013 shi zai yi yau, muddin zafi bai dame shi ba. Shafukan intanet ne suka yi ƙiba. Alƙaluman HTTP Archive, mai bin diddigin nauyin shafuka, sun nuna matsakaicin shafi bai kai megabait 1 ba a 2011, yanzu kuwa ya haura megabait 2. Nauyin saukewa ma ba shi ne babbar matsalar ba. Kaso mai yawa na abin da ya ƙaru umarni ne na JavaScript da dole kwamfutar mai karatu ta zauna ta aiwatar, kuma da yawa daga ciki na tallace-tallace ne, da masu bibiyar inda mutum ya shiga da inda ya fita, da bidiyon da ke tashi da kansa ba a kira shi ba. Ita kanta burauza ta ƙara cin waje. Bayan da aka gano raunin Spectre a furosesoshi a farkon 2018, Chrome ta koma killace kowane shafi a ɗakinsa, kuma Google ya ce hakan ya ƙara cin ram da kashi 10 zuwa 13 cikin 100. Jakin nan dai shi ne na jiya, mangalar ce aka ninka.

To, in haka ne, gyaran ya kasu biyu: a ƙara wa na'urar ƙarfi a inda take da rauni, a kuma rage mata kayan da ba dole ba. Raunin tsohuwar kwamfuta yawanci a had-dis yake, wato faifan ajiyar nan mai juyawa. Da zarar ram ya cika, sai na'ura ta fara jibge abin da ya yi saura a kan faifan, daga nan ne ake ganin ta daskare, linzami ya ƙi motsi. Maye gurbinsa da SSD, ko da mai gigabait 128 ne, da ɗaga ram daga gigabait 4 zuwa 8, ya fi kowane gyara tasiri, kuma kuɗinsa ƙaramin kaso ne na kuɗin wata kwamfutar. Abin sha'awa, tsofaffin kwamfutocin ofis na 2012 zuwa 2016 sun fi sababbi da yawa sauƙin wannan aiki, domin ana kwance noti kaɗan a zaro ram a sa wani, yayin da a sababbi da dama an narke shi a jikin allo. Sai ƙura. Wanda ya san hunturun Arewa ya san abin da yake yi wa fanka, kuma furosesa idan ya ji zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Share fanka da sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe zafi aikin sa'a guda ne a wurin mai gyara. Akwai kuma ƙaramin batirin agogo mai kama da kwabo: idan ya mutu kwanan wata yakan koma baya, shafuka su riƙa cewa haɗin ba amintacce ba ne, mai kwamfuta ya ɗauka ta mutu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen babbar manhaja, kuma a nan nake da ja da al'adar kasuwanninmu. Idan aka kawo kwamfuta mai nauyi, abin da aka saba shi ne a yi mata fomatin a loda Windows 7, wai ta fi sauƙi. Gaskiya ta fi sauƙi, amma tallafinta ya ƙare tun 14 ga Janairu, 2020, kuma Chrome ta tsaya a kanta a lamba 109 tun farkon 2023. Firefox ta tsaya a 115. Burauzar da ta tsaya cak shekaru uku tana ɗauke da ɓarakar da masu kutse suka riga suka sani, ga shi shafuka suna ta daina buɗewa a cikinta ɗaya bayan ɗaya. An ga samfurin haka ranar 30 ga Satumba, 2021, lokacin da wa'adin wata tsohuwar takardar shaidar tsaro da Let's Encrypt, mai raba wa shafuka shaidar tsaro, ke dogara da ita ya cika, na'urorin da ba a sabunta ba suka wayi gari shafuka da yawa sun ƙi buɗuwa. Ɗaya dabarar kasuwa ita ce a tsallake sharuɗɗan Windows 11 a ɗora ta da ƙarfi. Tana hawa, tana ma aiki, sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi alƙawarin sabunta irin waɗannan na'urori ba, mai saye kuma ba a cika gaya masa an yi hakan ba.

Masu cewa a jefar da tsohuwar kwamfuta hujjarsu mafi ƙarfi tsaro ce, kuma ba hujjar wasa ba ce. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, ta sa aka soke ganin likita kimanin 19,000 a asibitocin Ingila. A bizines santa ɗaya ana shigar da lambar NIN, da BVN, da kalmomin sirrin imel na ɗaruruwan mutane, don haka kwamfuta guda da ta kamu ta isa ta jefa unguwa cikin matsala. Amma a duba abin da ya faru a 2017 da kyau: Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa shi ba. Hujjar tana kan tsohuwar manhaja, kuma manhaja ana iya sauya ta ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Linux Mint 22 kyauta ce, za a ci gaba da sabunta ta har 2029, tana tafiya lafiya a kan ThinkPad na 2012, tana kuma ɗaukar Firefox da Chrome na yau, irin waɗanda ke kan sabuwar kwamfuta fil. Nau'inta na Xfce, ko Lubuntu, sun fi dacewa da mai ram kaɗan. Ga wanda duk aikinsa a burauza yake, Google ya fitar da ChromeOS Flex a 2022 musamman don tsofaffin na'urori. Wanda kuma ya nace sai Windows 10, akwai shirin ƙarin wa'adi na Microsoft da ke kai mai amfani na gida zuwa Oktoban 2026, wanda jinkiri ne kawai na shekara guda.

Za a ce mutanenmu ba su san Linux ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiyar ta fi yawa a wurin masu sana'a. CorelDRAW, wadda da ita ake zana katin biki da kalandar siyasa, ba ta da nau'in Linux. Manhajojin ɗaukar hoton yatsa da hukumomi ke bayarwa galibi na Windows ne, wasu firintoci ma sai an sha fama. Mai irin wannan aiki ya bar kwamfuta ɗaya a kan Windows, ya rage shigar da ita intanet, ya mayar da sauran na cike fom da bincike kan abin da ake sabuntawa. Ga ɗalibi kuwa, ko malamin makaranta, ko ɗan jarida, aikin bai wuce burauza da rubutu ba, kuma LibreOffice tana buɗe takardun Word tana adana su. Har tsarin allon rubutun Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ yana cikin Linux tun asali. Mutumin da ya koyi WhatsApp da manhajar banki ba tare da ya je aji ba, rana ɗaya ta ishe shi ya gane inda ake latsawa. Cikas na haƙiƙa shi ne masu gyara, domin abin da injiniya ya iya shi yake loda wa kowa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kwamfuta da kwalejojin fasaha ne ya dace su toshe wannan giɓi, kuma horon da ake buƙata na kwanaki ne.

Rage kaya kuma yana farawa da toshe abin da ba a nema ba. Ƙarin manhajar uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya rubuta, tana hana tallace-tallace da masu bibiya sauka, kuma a kan tsohuwar na'ura bambancin a bayyane yake. Chrome ta sauya dokokinta ta yadda cikakken nau'in ba ya aiki a cikinta, amma yana aiki a Firefox, wanda dalili ne mai kyau na fifita ta. YouTube ma tana da nata sirrin: tana aiko bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, waɗanda furosesoshin da suka girmi 2016 galibi ba su da sashen sarrafa su, sai fanka ta hau kuka. Ƙarin manhaja irin h264ify na sa ta aiko tsohon tsarin H.264, sauke ingancin hoto zuwa 480 kuma na rage cin data, abin da ya ƙara muhimmanci tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Na san shawarar toshe talla tana da ɗaci a shafin jarida, domin da talla ake biyan albashin 'yan rahoto. Adalcin da nake gani shi ne mai karatu ya buɗe wa jaridun da yake amfana da su ƙofa, su kuma jaridun su daina ɗora bidiyo mai tashi da kansa da tagogin da ke rufe labari. Jaridar da shafinta ke daskarar da kwamfutar mai karatu ita ta kore shi da hannunta.

Wasu za su ce ai waya ta wadatar. Ta wadatar wajen karanta labari da tura kuɗi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta kundin kammala karatu, ko cike fom ɗin neman aiki mai shafi bakwai, ko koyon rubuta manhaja a kan allon waya, ya san iyakarta. Sabuwar kwamfuta kuma da dala ake shigo da ita. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne. Ga iyali da yawa, idan tsohuwar ta tafi babu wata da za ta zo.

Ba kowace tsohuwa ce ta cancanci wahala ba. Na'urar da furosesanta 32-bit ne, ko wadda ba ta iya ɗaukar ram fiye da 2, ta kai ƙarshen tafiyarta a intanet, domin manyan burauzoci da manyan nau'o'in Linux suna ta janye hannu daga gare ta. Ta yi aikin buga takardu ba tare da haɗi ba. Tsohuwar ta tebur mai cin wuta ma ba riba ba ce ga mai sola ko janareta. Wannan iyaka tana da muhimmanci saboda ba duk abin da ake shigo mana da shi ne ke aiki ba. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da tan kimanin 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne tun daga can. Kare tsohuwar kwamfuta mai aiki daban, karɓar sharar wasu daban. Duniya ta samar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, wanda aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, wani ɓangare na sauran kuma a wurare irin namu ake ƙona wayoyinsu don a ciro tagulla.

Saura waɗanda suke gina shafukan da ba mu da zaɓi sai mun shiga: na jami'o'i, na hukumomin jarrabawa, na fasfo, na haraji, na ɗaukar aiki. Mutum na iya ƙaurace wa shafin nishaɗi mai nauyi, amma ba ya iya ƙaurace wa shafin biyan kuɗin makaranta. Gwamnatin Birtaniya, wadda 'yan ƙasarta suka fi mu kuɗin sayen na'ura, ta cire wani kundin JavaScript mai suna jQuery daga shafinta na GOV.UK a 2022, kilobait kusan 30 kacal, ta kuma auna ta ga masu ƙananan na'urori ne suka fi amfana. Hukumar NITDA, wadda ke shimfiɗa ƙa'idojin shafukan gwamnati a Najeriya, na iya sa sharaɗi a kowace kwangila cewa kafin a biya ɗan kwangila sai an buɗe shafin, an cike fom, an kuma biya kuɗi daga farko har ƙarshe a kan kwamfuta mai shekara goma da ram 4, da layin intanet irin wanda ake samu a hedikwatar ƙaramar hukuma.