Ɗakunan karatun jami'o'inmu su bi ɗalibai zuwa WhatsApp

Kusan duk ɗalibin jami'a a Nijar yana cikin rukunin WhatsApp na ajinsu. A can delege ke sanar da ranar jarrabawa, a can ake tura hoton darasi, a can ake cigiyar littafin da malam ya ambata. Wanda ba ka jin muryarsa a wurin shi ne ɗakin karatu na jami'a, alhali aikinsa ne ya amsa wannan cigiya.

Shekaru da dama Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai jami'ar gwamnati. A 2010 aka ƙara ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa, a 2014 kuma Agadas, Difa, Doso da Tilaberi suka samu nasu. Ɗalibai sun ƙaru fiye da kujeru da littattafai, kuma wanda ke kwana a unguwa mai nisa ba zai biya kuɗin kabu-kabu don neman littafin da bai san ko akwai shi ba. Saƙo ɗaya a salula ya isa ya raba masa gardama.

Abin takaicin ma shi ne, akwai ilimin da aka ba mu kyauta, sanarwa kawai ya rasa. Nijar na cikin ƙasashen da shirin Research4Life ke buɗe wa mujallun kimiyya ba tare da biyan ko dala ba: Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya ga masu karatun likita, AGORA na FAO ga masu karatun noma. Jami'a ce ke yin rajista, ɗakin karatu kuma shi ke riƙe da makullin shiga. In ma'aikacin bai fita ya faɗa ba, ɗalibin da ke rubuta kundin masta a kan tamowa ko tsutsar gero zai ƙare da kwafe-kwafen da ya tsinto a intanet. Haka kundayen da ƴan shekarun baya suka rubuta: suna jibge suna shan ƙurar hunturu, ƙannensu na sake binciken da aka riga aka yi. Ko jerin sunayen kundayen kawai aka riƙa turawa kowane mako, an rage asara.

Ba shafin Facebook mai cike da hotunan manya a wurin taro muke nufi ba. Muna nufin tashar WhatsApp ta ɗakin karatu, da lamba ɗaya da ake amsa tambaya a lokutan da aka sanar, da ɗan gajeren saƙon murya da Faransanci, Hausa da Zarma mai nuna yadda ake neman maƙala. Tasha ta fi rukuni a nan, saboda mabiya ba sa ganin lambobin juna. Ɗalibai mata sun san abin da ke biyo baya in lambarsu ta faɗa hannun kowa. Saƙonnin kuma su zama marasa nauyi, don megan ɗalibi a ƙirge take.

Za a ce ana tsoron satar fasaha. Gaskiya ne, ɗakin karatu ba zai raba littafin wani ba da izini ba. Amma littattafan sata sun riga sun cika wayoyi, kuma shirun ma'aikata bai hana ba. Gara su shigo su nuna inda halattaccen yake, kamar African Journals Online, wadda maƙalunta da yawa kyauta ne.

Shugabannin jami'o'i su ɗora wannan aiki a kan ma'aikaci takamaimai, da wayar aiki da kuɗin intanet a cikin kasafi, kada a bar shi ga mai sa kai da zai gaji bayan wata biyu. Ƙungiyar USN, da ta saba fita kan alawus da abinci, ta sa shi cikin buƙatunta. Ƴan uwa na ƙetare masu aiko da kwalayen tsofaffin littattafai kuwa, kafin ku biya kuɗin jirgi ku tambayi ɗakin karatun garinku: mai yiwuwa na'urar ɗaukar hoton takardu da faifan sola ɗaya ya fi buƙata.