RA'AYI: Kyamara a ɗakin tsohuwa a Nangere: wa zai zo idan ta faɗi?

A shagunan kayan laturoni na Banex da ke Wuse, ana sayar da ƙananan kyamarori masu haɗuwa da intanet, waɗanda ke nuna wa mutum cikin gidansu ta wayar hannu ko yana wace uwa duniya. Ba abin mamaki ba ne su ja hankalin ma'aikacin tarayya da aiki ya kawo shi Abuja, ya bar mahaifiya mai shekaru a Sabon Garin Nangere ko Dawasa ko Degubi a jihar Yobe, tafiyar yini guda a mota. Niyyarsa mai kyau ce, damuwarsa kuma tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya.

Sababbin na'urorin sun wuce ɗaukar hoto. Manhajar da ke cikinsu tana bin siffar jikin mutum, ta bambance wanda ya zauna da wanda ya yanke jiki ya faɗi, ta lura idan an daɗe ba a motsa ba, sannan ta aika saƙon gaggawa. Akwai kuma waɗanda ba su da ido sam, da igiyar rada suke gane motsi da numfashi. Ga na'urorin awon hawan jini da na sukari masu tura sakamako ga likita kai tsaye. A Ingila, hukumar lafiyarsu tana jinyar marasa lafiya a gidajensu da irin waɗannan kayan, amma a can akwai nas da ke duba alƙaluman, akwai motar da za ta taso idan abu ya ɓaci.

A nan gizo ke saƙar. Kyamara tana gani, ba ta ɗaga wanda ya faɗi. Idan saƙo ya shigo wayar ɗa da ƙarfe biyu na dare cewa gyatuma ta kife a ƙofar banɗaki a Kukuri, abin da zai cece ta shi ne maƙwabcin da zai amsa waya, da abin hawan da zai kai ta cibiyar lafiya, ko asibitin Potiskum, ko Asibitin Koyarwa na Damaturu idan ta kama. Mai shanyewar ɓarin jiki sa'o'in farko ne ke yanke masa hukunci. Ɗan da ya sayi kyamara bai tanadi mai amsawa ba, ya saya wa kansa kallon abin da ba zai iya hanawa ba.

Kafin a kai ga nan ma akwai wuta da sabis. Na'urar tana buƙatar lantarki dare da rana da intanet marar yankewa, don haka sai an haɗa da sola da batir da kuɗin data kowane wata. Sannan ya kamata mai saye ya tambayi mai shago: a wane irin gida aka gwada ta? Tsohon Nangere a kan tabarma yake zama, a nan yake cin abinci, a nan yake kishingiɗa, kuma sau biyar a rana yana kai goshi ƙasa. Manhajar da ke ɗaukar duk wanda ta gani a ƙasa a matsayin wanda ya faɗi za ta yi ta kururuwar ƙarya, har a gaji a kashe ta.

Sai batun sutura, wanda ya fi duka nauyi. Gidan da aka gina shi da zaure don baƙo ya tsaya ya yi sallama, ba a dasa ido a ƙuryarsa ba tare da shawara ba. Tsufa ba ya kawar da kunya, uwa kuma ba ta zama yarinya don gwiwarta ta yi rauni. A gidan akwai surukai da jikoki da masu zuwa gaisuwa, waɗanda ba wanda ya nemi yardarsu. Hotunan kuma suna bi ta rumbun kamfanin da ke wata ƙasa. A watan Maris na 2021 masu kutse sun shiga kyamarori kusan 150,000 na kamfanin Verkada na Amurka, har da na asibitoci. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma duk asibiti ko kamfanin da zai tara irin waɗannan hotuna dole ya amsa tambaya a ƙarƙashinta.

Masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardu su ne za a fara kawo wa tayin sayen irin waɗannan kaya da sunan zamanantar da kiwon lafiya. Ya dace su tuna da abin da doka ta riga ta tanada. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun lafiya a matakin farko, kashi 5 cikin 100 na asusun kuma don agajin gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa asusun masu rauni, wanda ya haɗa da tsofaffi. Akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021. Jihar Yobe tana da mazaɓu 178. Jami'in lafiya guda a kowace mazaɓa, da babur, da na'urar awon jini, da waya mai tura sakamako ga likita a Potiskum, zai kama hawan jini tun bai kayar da mutum ba. Wannan ma duba marar lafiya ne daga nesa, kuma shi ne irin wanda ƙauye zai iya riƙewa.

Wanda ya ga dole sai ya sa na'ura a gidan iyayensa, ya fara da neman izininsu a fili, ya kuma karɓi ƙi idan sun ƙi. Ya fifita marar ido a kan mai ɗaukar hoto, ya nisantar da ita daga makwanci da banɗaki, ya canza lambar sirrin da ta zo da ita. Ya sa saƙon ya riƙa zuwa wayar mutum biyu da ke kwana kusa, ya ajiye kuɗin mai a hannun direban da aka yi magana da shi tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada hoton da yake gani a waya ya rage masa zuwa gida. Zumunci a ƙafa yake.