Duniyar Tsirrai: Furen Da Ke Sake Launi Don Baƙinsa

A duwatsun yammacin Amurka ta Arewa, tun daga kudancin Kanada har arewacin Meziko, akwai wani tsiro na jeji wanda masana ke kira Ipomopsis aggregata, ɗan gidan furannin fuloks. Yana fitowa cikin saƙuƙuwa da tsakanin itatuwan tuddai. Furensa ja wur ne, mai siffar kakaki, ganyensa kuwa wari gare shi. Frederick Pursh ne ya fara bayyana shi a littafi cikin 1814.

Tsiron nan yakan yi shekaru yana kwance a ƙasa, ganye kawai. Ran da ya isa, sai ya miƙe kara, ya yi fure sau ɗaya tak, ya zubar da iri, ya mutu. Saboda haka in damar nan ta kuɓuce masa, shi ke nan.

Mai yi masa barbara wani ɗan tsuntsu ne mai dogon baki, wanda jan launi ke jawowa. Amma cikin 1985 malamai biyu, Ken Paige da Thomas Whitham, suka ba da labarin abin da suka gani a jihar Arizona. Da tsuntsayen nan sun yi ƙaura wajen ƙarshen bazara, sai tsiron ya shiga fid da furanni masu haske-haske, har da farare, waɗanda wani malam-buɗe-littafi na dare ke iya hangowa cikin duhu. Watau in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Har ila yau, cikin 1987 suka nuna cewa idan dabbobin dawa dangin barewa suka cinye kan karan tun bai yi fure ba, yakan tofo rassa da dama, ya ba da iri fiye da ninki biyu. Gobarar Titi ke nan.

To, amma akwai abin da dabara ba ta magani. Cikin 2019 Diane Campbell, bayan nazarin shekara 25 a duwatsun Kolorado, ta nuna cewa in dusar ƙanƙara ta narke da wuri, ƙasa kan bushe kafin ruwan sama ya sauka, ƙananan tsirrai su mutu, iri ya ragu. Muddin ɗumamar duniya ta ci gaba, yawan tsiron zai riƙa ja da baya a can. Wanda ya iya da barewa, ga shi fari na neman fin ƙarfinsa.